Wa doka ta ɗora wa gina azuzuwan firamare a Nijar?

Kafin 2004, gina aji a garuruwa irin su Tibiri ko Madarunfa na jahar Maradi shawara ce da ke saukowa daga Yamai ta hannun jami'an da gwamnati ta naɗa. Zaɓen 24 ga Yulin 2004 ne ya kafa zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi 265, kuma daga lokacin kansiloli suka riƙa zaɓen magajin gari a tsakaninsu, suna kuma kaɗa ƙuri'a kan kasafin kuɗin shekara, yayin da sarakuna ke zama a majalisar don ba da shawara kawai.

Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumban 2010 ya fayyace ikon majalisun, sannan dokar zartarwa ta 26 ga Janairun 2016 ta miƙa musu fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A fannin ilimi, gina makarantun firamare da na renon yara, gyara su da zuba musu kujeru sun koma wuyan ƙaramar hukuma, amma manhaja da albashin malamai, wanda shi ke cinye mafi yawan kuɗin ilimi, suna hannun gwamnatin tsakiya.

A nan gizo ke saƙar. Doka ta ce duk aikin da aka miƙa sai kuɗinsa ya biyo shi, sai dai abin da ƙaramar hukuma ke tarawa daga harajin kai da na kasuwa bai taka kara ya karya ba, tallafin ANFICT, hukumar ƙasa mai samar wa ƙananan hukumomi kuɗi, kuma bai kai yawan yaran da ake sakawa makaranta kowace shekara a jahar Maradi ba. Saboda haka azuzuwan zana suka yawaita, kuma gobarar 8 ga Nuwamban 2021, wadda ta halaka yara sama da 20 a wata makaranta a birnin Maradi, ta nuna hatsarinsu.

A ganina, amfanin zaɓe shi ne iyaye sun san ƙofar da za su buga, domin kansila maƙwabci ne mai bukatar ƙuri'arsu. Sai dai wannan matsin lamba ya yi rauni da aka yi ta tsawaita wa'adin majalisun 2011, mai shekara 5, har zuwa Disamban 2020. A Afrilun 2024 kuma hukumomin soja suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi waɗanda kasafin makarantu ya koma hannunsu.