Tallafin karatun ɗaliban LGBTQ a Amurka: gyaran fahimta

An daɗe ana cewa a Amurka, da zarar ɗalibi ya ce shi ɗan LGBTQ ne (wato masu sha'awar jinsi ɗaya ko duka biyun, da masu sauya jinsi), gwamnati za ta ɗauke masa kuɗin jami'a. Ba haka abin yake ba. Irin wannan tallafi galibi gidauniyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa daga gudummawar jama'a, kuma gasa ake yi. Ana duba sakamakon jarrabawa, aikin jagoranci da ɗalibi ya yi a makaranta ko unguwarsu, da wasiƙun shaida daga malamai. Sau da yawa ma kuɗin ba ya rufe dukkan ɗawainiyar karatu, balle ya ba da biza.

Mai son tabbatarwa ya karanta sharuɗɗan a shafin gidauniyar da ke ba da tallafin, ko ya tambayi ofishin tallafin ɗalibai na jami'ar. A taimaka a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.