Injin haƙa rami na bayan tarakta: aikin mutum ɗaya ne, kowa ya ja baya

Duk mai bin hanyar Shika zuwa Giwa, ko ta Soba, zai lura da yadda ake ta killace gonaki a ƙasar Zazzau shekarun nan. Ga lambunan mangwaro da gwaba, ga gidajen kaji, ga wuraren kiwo, kowanne an zagaye shi da dirkokin siminti ko na ƙarfe da waya mai ƙaya. Kowace dirka kuwa sai an haƙa mata rami. Gona mai hekta ɗaya, idan tsawonta da faɗinta daidai suke, kewayenta mita 400 ne. In ana kafa dirka duk bayan mita 3, ramuka wajen 133 ke nan. Wanda ya taɓa riƙe dagi a jar ƙasar nan tamu cikin watan Maris ya san abin da lissafin nan yake nufi: kanta a hannu, ciwon ƙugu, da kwana da kwanaki ana abu ɗaya.

Shi ya sa wasu masu tarakta suka sayi injin haƙa rami suna bayarwa haya. A aikina na malamin gona na tsaya a kansa sau da yawa, kuma ina yaba shi. Amma akwai abin da nake tsoro a tattare da shi, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga yadda yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana ɗaura shi ne a hannayen nan uku na bayan tarakta, inda ake ɗaura garma da haro. A samansa akwai akwatin giya, a ƙarƙashin akwatin kuma wani dogon ƙarfe mai murɗiya kamar ƙaton sukuru, bakinsa da tsini da haƙora. Ƙarfin juyawa yana zuwa ne daga injin tarakta ta sandar nan mai juyi da direbobi ke kira shaf. Direba ya sauke shi ƙasa, ya huda, murɗiyar ta riƙa ɗago ƙasa tana zubarwa a bakin rami. Akwai mai faɗin inci 6, da 9, da 12, har zuwa 24 na dashen itatuwa, zurfinsa kuwa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Saboda haka masu tambayata ko zai yi rijiya ko masai, amsa ita ce a'a. Aikinsa dirkar shinge, ginshiƙan rumfa da ɗakin kaji, ƙafafun tankin ruwa, sandar fitilar sola, da ramin dashe. Idan ƙasa na da laushi, rami ɗaya ba ya cin minti biyu.

Bara waccan, ana tsakiyar zafin bazara, wani dattijo ya kira ni gonarsa da ke hanyar Giwa, zai killace ta kafin ya dasa mangwaro. Na ba shi shawarar a jira ruwa ya sauka, ya ce ai ya riga ya biya kuɗin tarakta. Aka fara. Rami na farko da na biyu suka tafi da ƙyar. A na uku aka tarar da marmara. Ƙarfen ya tsaya yana ta juyi a wuri ɗaya, yana ƙara, ƙura na tashi, ko taƙi ɗaya bai ƙara shiga ba. Sai ɗan dattijon, saurayi mai jini a jika, ya taho da gudu cikin doguwar riga, ya ɗora hannu biyu a kan akwatin giya zai danna shi ƙasa da nauyinsa. Ina tsaye ina kallon bakin rigarsa yana kaɗawa, tsakaninsa da shaf bai kai tafin hannu ba. Na kwarma ihu, direba ya waiwayo ya yanke juyin. Yaron ya dube ni yana mamaki, ya ce, "Malam, ai taimaka masa zan yi." Uban ma ya ce, "Haba Malam, ai haka ake yi, in bai samu nauyi ba ba zai shiga ba." Na ce, "Baba, don Allah a kashe motar nan mu zauna tukuna." Muka koma gindin ɗorawa, ƙafafuna na rawa.

Abin da na faɗa musu a ranar shi zan maimaita. Mu mutane ne masu son kama wa juna aiki, an ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma gaskiya ne a wajen noma da girbi da ɗaga jinka. Ban da nan. Shaf ɗin tarakta idan an ba ta wuta sosai yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa guda. A wannan gudun zai iya naɗe fiye da yadi 2 na shadda cikin daƙiƙa ɗaya tak. Ba ya yage riga ya bar mutum. Riga yake ja, ta jawo hannu, hannu ya jawo sauran jiki. Ko da direba ya rage wuta, ƙarfin da ke huda marmara ba ƙashin ɗan Adam ne zai tsayar da shi ba. Ga tufafinmu kuma duk masu yalwa ne: babbar riga, kaftani, rawani, zani, hijabi, har da carbin da ke lilo a wuya ko a hannu.

Dalilin da ya sa ake sha'awar danna shi kuwa shi ne, hannayen bayan yawancin taraktocin da muke da su ɗagawa kawai suke yi, ba sa dannawa ƙasa. Nauyin injin da kaifin haƙoransa ne ke shigar da shi. In ya ƙi shiga, ɗayan biyu ne: ko haƙora sun dakushe, ko ƙasa ta fi ƙarfinsa. Haƙora ana kwancewa a sa sababbi. Ƙasa kuwa a ɗaga injin, a kashe mota, a fasa wurin da dagi, a zuba ruwa bokiti ɗaya ko biyu, a wuce rami na gaba a dawo daga baya. In shimfiɗaɗɗen dutse ne, a gusa da dirkar. Babu inda aka ce mutum ya hau, ko ya rataya, ko ya sa ƙafa ya ture ƙasar bakin rami ƙarfe na juyi.

Ni dai ƙa'idata a gona ita ce: muddin injin tarakta na kunne, direba na kan kujerarsa, kowa kuma ya ja baya aƙalla taku goma. Wuraren ramuka a auna su tun da safe, a ja igiya, a kafa turaku, a kwashe igiyar kafin mota ta iso, don kada a buƙaci mai tsayawa kusa yana nuni. Yara kuwa, waɗanda ƙarar tarakta ke jawo su kamar zuma da ƙuda, a sa babba ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai tsare su.

Akwai wani ƙaramin abu da direbobi da makanikai ke rainawa. Inda shaf ya haɗu da akwatin giya akwai ƙusa mai noti wadda da gangan aka yi ta da ƙarfe mai taushi, don idan injin ya ci karo da dutse ko saiwa ita ta karye, giya ta tsira. Karyewarta ba lalacewa ba ce, aikinta ke nan. Amma sai ka ga an gaji da canzawa, an samo guntun rodi ko ƙusa mai tauri an zura, kanta ya fito waje kamar ƙugiya. An yi ɓarna biyu: ranar da aka haɗu da dutse giya ce za ta fashe, kuma wannan kan da ya fito shi ne ke fara cafke riga. Haka ma rigar roba da ke rufe shaf. Sau nawa nake ganin an cire ta wai tana hana sa giris! Manomi, kai ne mai biyan kuɗi, kana da ikon dubawa kafin a fara. In shaf tsirara yake, ka ce a mayar masa da rigarsa ko a koma da motar.

Wani abin kuma, irin wannan shaf ba ya juyawa baya. Idan direba ya saki ƙarfen ya nutse gaba ɗaya a tashi guda, musamman a laka ko cikin saiwoyi, zai murɗe kansa cikin ƙasa ya maƙale, tarakta ta kasa ɗago shi. Maganinsa a riƙa haƙawa kaɗan-kaɗan da ƙaramar wuta: ya shiga kamar taƙi ɗaya, a ɗago ya zubar da ƙasa, a sake sauke shi. In kuwa ya riga ya maƙale, a kashe mota, a zare makulli, a cire shaf, sannan a sa babbar sifana da bututu a warware shi da hannu. Kafin a fara kuma a share layin daga tsohuwar waya, buhunan taki da igiyoyi, domin ƙarfen yana naɗe waya ya fizgo duk wanda ƙafarsa ke kanta, ko da yana nesa. A cikin gari da gefensa, irin su Samaru da Basawa da Dakace, a tambayi inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi ta ƙasa.

Game da lokaci, ƙasarmu ta fi ba da haɗin kai sau biyu a shekara: bayan ruwan farko ya jiƙa ta, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, da kuma bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba tun tana da sauran danshi. A Agusta laka ce, a Maris dutse.

Masu dashe su ƙara kula da wannan. Idan ƙasa mai yumɓu ce kuma da danshi, ƙarfen yana goge bangon rami ya bar shi sumul kamar cikin tukunya, saiwar dashe ta yi ta zagaye a ciki ta kasa fita, ruwa kuma ya kwanta. Sai a sa dagi a farfasa bangon. Ramin inci 12 ya yi wa mangwaro kaɗan, a buɗa shi da shebur ya kai kamar santimita 60 kowane gefe, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. A tazarar mita 10, hekta ɗaya na ɗaukar mangwaro 100. Dirkar shinge kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ya kamata ya shiga ƙasa, na kusurwa su fi zurfi, a zaɓi ƙarfen da ya ɗan fi dirkar faɗi don a samu wurin daddaɓe ƙasa ko zuba kankare. In ta itace ce, a tuna da gara.

Mai ramuka ashirin kada ya wahalar da aljihunsa, kuɗin man zuwa da komawa kaɗai ya fi ladan masu dagi. Sai dai maƙwabta su haɗu su ɗauki motar rana ɗaya. Kuma tun kafin ta zo a zauna da maƙwabcin gona da mai unguwa a tabbatar da iyaka, a bar burtali a buɗe. Injin da ke haƙa rami ɗari a yini yana iya haƙa rigimar shekara goma.

Idan tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, abu na farko a kashe injin, kada a ce za a sake kunnawa don ya saki mutum. A yanke tufar da ta naɗe. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi, ban da zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. A nufi asibiti mafi kusa nan take. Manyan raunuka irin na ƙashi da jijiya, asibitin koyarwa da ke Shika ake kai su.

Gonar dattijon nan mun koma mata a makon farko na Yuni, bayan an yi ruwa uku masu ƙarfi. Direba ya zo da sababbin haƙora da ƙusoshi biyar a aljihu, biyu suka karye a layin marmarar nan. Saurayin yana can gaba da 'yar shara da gajeren wando yana duba turaku, bai matso ba sai da aka kashe mota. Kafin la'asar an gama. Dirkoki ba su iso ba sai washegari, saboda haka muka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya muna rufe bakinsu da ƙirare da ƙaya, don hanyar awaki ce, kuma yara na bi ta nan zuwa makarantar allo.