"Ai ba ta nan za ta bi ba": magana ga 'yan uwa mazauna Houston da kewaye

Assalamu alaikum. Aikina bin marasa lafiya gida-gida ne a nan Houston, yawancinsu tsofaffi: masu ciwon suga, masu wankin ƙoda, da waɗanda aka sallamo daga asibiti da na'urar taimakon numfashi. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, wato lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika, akwai magana ɗaya da nake ji a gidajen mutanenmu har ta ishe ni: "Ai ba ta nan za ta bi ba." Wani ya turo hoton taswira a zauren WhatsApp, an duba an ga layi ya nufi Meziko, an ce alhamdulillahi, kowa ya koma harkarsa. Ba wanda ya duba ranar da aka fitar da hoton. Ba wanda ya sake dubawa washegari.

Don Allah ku daina. Wannan maganar ce ta kwantar min da mutane a asibiti a Yulin 2024.

Ku tuna Beryl. Ranar Alhamis 4 ga Yuli, ranar hutu, muna ta gashin nama a bayan gida, guguwar ta riga ta ratsa gefen Jamaika, hasashe kuma yana nuna wajen iyakar Meziko da Texas, can ƙasa. Daga nan kullum sai hasashen ya ɗan matso arewa, ya ɗan matso gabas. Da asubahin Litinin 8 ga wata ta sauka kusa da Matagorda, ta biyo ta kanmu. Gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 suka rasa wuta a wannan yanki, wasu sama da mako guda, cikin zafin Yuli.

Akwai wani dattijo da nake dubawa, mai wankin ƙoda Litinin, Laraba da Juma'a. Ranar Juma'ar nan na ce masa, "Baba, a kira wurin wankin a tambaya ko za su matso maka da na Litinin zuwa ƙarshen mako." Ya ɗauko waya ya nuna min taswira, ya ce, "'Yata, kalli, Meziko za ta." Na karɓi wayar na duba, hoton na ranar Laraba ne. Litinin ba hanya, ba wuta. Da na samu isa gidan, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin silifa ba ya shiga, yana zaune a kujera ya jingina da matasai uku don ba ya iya kwanciya, numfashi sama-sama. Motar asibiti ce ta ɗauke shi. Allah ya ba shi sauran kwana, amma da an yi kiran nan na minti biyar da ba a kai ga haka ba.

Bari in gaya muku yadda ake karanta taswirar nan, sau ɗaya, ku riƙe.

Cibiyar sa ido kan guguwa ta ƙasa da ke Miami ce ke fitar da ita. Za ku ga wani farin abu kamar mazurari, siriri a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa a gaba, da ɗige-ɗige a tsakiya waɗanda gidajen talabijin kan haɗa da layi. Mazurarin nan ba girman guguwar yake nunawa ba. Yana nuna inda ake zaton tsakiyarta za ta bi, kuma an auna faɗinsa ne da kurakuran da masu hasashen suka yi a shekaru biyar da suka wuce. Su da kansu suka ce sau biyu cikin uku ne tsakiyar ke zama a cikinsa. Sau ɗaya cikin uku tana fita waje. A hasashen kwana biyar, daga ɗigon tsakiya zuwa bakin mazurarin ya kai mil 200 kowane gefe, kwatankwacin tafiya daga nan zuwa Corpus Christi. To masu aikin, da jiragen da suke turawa cikin guguwar da tauraron ɗan'adam, sun ce ba su da tabbas, kai kuma Alhaji kana zaune a falo ka yanke hukunci cewa ba ta nan za ta bi ba?

Ko da tsakiyar ta bi daidai inda aka ce, iska da ruwa ba sa tsayawa a kan layi. Guguwar Harvey ta sauka kusa da Rockport ranar 25 ga Agustan 2017, tafiyar awa uku a mota daga nan, amma mu ne muka sha ruwa: ta tsaya cak tana zubarwa kwana da kwanaki, har aka auna sama da inci 60 a garin Nederland na nan Texas. Kuma a gaɓar nan tamu, ɓangaren gabas na guguwa shi ne mugun ɓangare, don ta nan iska ke turo ruwan teku da hadari zuwa tudu. Idan kun ji an ce za ta sauka yamma da mu ko kudu da mu, wannan ba albishir ba ne.

Mutanen Florida sun ga irin wannan sau biyu a wuri ɗaya. A 2004 hankalin kowa yana kan Tampa, sai Charley ta karkata ta sauka a tsibirin Cayo Costa. A ƙarshen Satumban 2022 aka sake: ana ta maganar Tampa, Ian ta sauka a wannan Cayo Costa ɗin, ruwan teku ya shanye Fort Myers Beach, mutane da yawa suka halaka, akasari tsofaffi. Duk lokutan biyu wurin yana cikin mazurari. Mutane layin suka kalla.

Sai kuma masu cewa "ai mataki na ɗaya ce kawai." Matakan nan, 1 zuwa 5, ƙarfin iska kaɗai suke aunawa. Ba ruwansu da yawan ruwan sama. Beryl mataki na ɗaya ce da ta same mu. Allison ta 2001 ko matakin ba ta kai ba, amma ta cika ƙasan manyan asibitocin Texas Medical Center da ruwa, aka riƙa saukowa da marasa lafiya ta matakala a cikin duhu. Tsofaffin ma'aikatan jinya har yau suna ba da labarin. Kuma mataki yana iya canzawa cikin dare ɗaya: Otis ta 2023 cikin kwana guda ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 kafin ta afka wa Acapulco.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne hoton taliyar nan, layuka masu launi barkatai da matasanmu ke yawo da su. Kowane layi lissafin wata kwamfuta ne, akwai na Amurka, akwai na Turai, akwai wasu da yawa. Mutum sai ya zaɓi layi ɗaya da ya yi nesa da gidansa ya ce ga shi. Idan taliyar ta warwatse, ma'anarta ba a sani ba tukuna, kuma rashin sani dalili ne na shiri.

Ni abin yana ba ni mamaki, don mu ba baƙin hadari ba ne. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san idan gabas ta yi baƙi ana kwashe shanya, ana shigar da awaki, ba a jiran ɗigon farko. Kuma yawancin manyan guguwowin nan daga can wajenmu suke faro tafiya: tarin hadarin damina ne da ke ratsa Chadi, Nijar, arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa teku ta wajen Senegal, ruwan teku mai ɗumi ya ciyar da shi har ya zama abin da ake raɗa wa suna. Harvey da Beryl duk haka suka fara. Hadarin da kakanninmu suka san darajarsa ne ya biyo mu, mu kuma muka zo nan muka koyi raina shi saboda wani layi a waya.

Na san abin da wasu za su ce: "Malama, komai na Allah ne." Haka ne, kuma ni ma a kan haka nake. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Na kuma san shiri yana cin kuɗi, wasu aikin awa-awa suke yi, ranar da ba su fita ba babu albashi. Ban ce ku bar aiki ba. Ban ma ce kowa ya gudu ba. Waɗanda suka ga Rita a Satumban 2005 sun san abin da gudun kowa-da-kowa ya jawo: motoci suka cushe a manyan hanyoyi kusan kwana guda cikin zafin rana, mai ya ƙare, mutane da dama suka mutu a hanya, guguwar kuma ta sauka can iyakar Louisiana. Shi ya sa aka raba yankunan ƙaura bisa lambar zif ta unguwa. Na bakin ruwa, irin su Galveston, su ake fara cewa su tashi. Ka san lambar unguwarka tana wane rukuni tun yau. In an ce ka tashi, tashi. In ba a ce ba, zauna, amma zauna da shiri. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Abin da nake so, da zarar kun ga Houston ta shiga cikin mazurari ko tana bakinsa:

Ku duba sabuwar sanarwa, ba hoton da aka turo ba. Ana fitar da ita sau huɗu a rana, ƙarfe 4 da ƙarfe 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare a agogonmu. Lokacin yana rubuce a jikin taswirar, ku karanta shi kafin ku tura wa kowa.

Gargaɗin farko yana zuwa kimanin awa 48 kafin iska ta fara, na biyu awa 36. Kafin na biyun ya kamata a ce kun gama komai.

Magani na aƙalla mako guda a hannu. Masu wankin ƙoda ku kira wurinku, ku karɓi tsarin abincin gaggawa. Insulin ba ya son zafi kuma ba ya son daskarewa: a sa shi cikin kula mai sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Mai na'urar numfashi ko wanda ba ya iya tafiya da kansa, a kira 211 a yi masa rajistar masu buƙatar taimako.

Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana. Mai a mota, caji a waya, kuɗi a hannu, fasfo da takardu cikin leda. Firji yana riƙe sanyi awa 4 idan ba a buɗe ba, firiza cikakkiya kwana biyu.

Ruwa ya rufe titi, juya. Inci 12 na ruwa mai gudu yana ɗaukar ƙaramar mota.

Janareta kuma, a nan zan ɗan tsaya, don wanda bai shirya ba shi ne ke rugawa ya sayo shi a ruɗe bayan wuta ta ɗauke. A waje ake sa shi, ƙafa 20 daga gida, nesa da taga da ƙofa. Ba a gareji ba, ko da ƙofar garejin a buɗe take. Na san a gida mun saba ajiye shi a bakin ƙofa saboda ɓarayi, amma gidajen nan a toshe suke ruf, iskar gubar da janareta ke fitarwa kuma ba ta da wari ba ta da launi. Bayan guguwar Laura a 2020, iyali guda a Lake Charles, mutum biyar, haka suka tafi. Bayan Beryl ma asibitocin nan sun karɓi masu irin wannan guba da yawa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya lokaci ɗaya: kowa ya fita waje, a kira 911. Haka gawayi da murhun gashi, kada su shigo ɗaki.

Masu iyaye da suka zo ziyara daga gida, Hajiya da ta zo wankan jego ko Baba da ya zo ganin likita, ku ne idonsu. Ba sa jin sanarwar da ke shigowa waya da Turanci, kuma maganin hawan jinin da suka taho da shi ƙididdigagge ne. Ku ƙirga ƙwayoyin yau. Ku rubuta sunan kowane magani da adireshin gidan a takarda, ku sa musu a jaka, ku kuma faɗa musu da Hausa gidan wa za a je idan aka ce a tashi.