Waiwaye: Del Webb, kafintan da ya mallaki Yankees kuma ya gina garin da yara ba sa zama

Ranar 1 ga Janairu, 1960, motoci suka yi cincirindo a kan titin da ya fita daga birnin Phoenix ya nufi arewa maso yamma, a jihar Arizona ta Amurka. Abin da jama'a suka fito kallo bai taka kara ya karya ba: gidaje biyar na samfuri, filin golf, wurin ninkaya da 'yan shaguna, duk a tsakiyar tsohuwar gonar auduga. Kamfanin da ya yi ginin ya sa ran ganin mutum 10,000. Kafin kwana uku su cika, kimanin 100,000 ne suka zo, aka sayar da gida 237. Mafi arha a ciki dala 8,500 ne, amma kuɗi kaɗai ba ya sa a ba ka makulli. Sai in kai ko matarka ɗayanku ya kai shekara 50, kuma ba ku da yaran da za ku tare da su.

Sunan garin Sun City. Yau irinsa sun cika jihohin Amurka masu zafi, har abin ya zama jiki. Wanda ke son sanin inda aka faro, dole ya bi ta kan Delbert Eugene Webb, mutumin da mutanen New York suka sani a matsayin mai ƙungiyar wasan besbol ta Yankees, alhali a Arizona ɗan kwangila ne.

An haife shi a Fresno ta jihar Kalifoniya ranar 17 ga Mayu, 1899. Bai gama sakandare ba ya kama koyon kafinta. Zuciyarsa kuwa tana wajen besbol, wasan nan na Amurkawa da wani ke jefo ƙwallo wani ya make ta da gora ya sheƙa da gudu. Webb mai jifa ne, kuma ya yi shekaru yana bin garuruwan yammacin ƙasar, da rana yana buga ƙusa, ƙarshen mako yana wasa a ƙananan ƙungiyoyi a biya shi abin da ya samu. Zazzaɓin taifod ne ya raba shi da filin wasa. Ya kwanta har aka fara cire rai, da ya miƙe sai ya koma Phoenix a 1928 don busasshiyar iskar hamada ta taimaka masa ya murmure.

A can ya fara da kafa ƙofofi a otal ɗin Westward Ho. Sai wani ɗan kwangila da ke gina kantin kayan abinci ya gudu ya bar aikin rabi da rabi, mai kantin ya ce wa Webb ya ƙarasa. Kayan aikin da ya gada a wurin su ne jarin kamfaninsa na farko: injin kwaɓa siminti ɗaya, baro 10, shebur 20, diga 10.

Tun a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, Webb ya gane cewa mai biyan kuɗi a kan kari ita ce gwamnati. Ya yi aikin faɗaɗa ginin majalisar jihar Arizona, ya shiga jikin 'yan siyasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai kakarsa ta yanke saƙa: barikokin soja da filayen jiragen yaƙi, ɗaya bayan ɗaya. A cikin waɗannan kwangiloli akwai wadda masu yabonsa ba su cika son a tsaya a kanta ba. A watan Fabrairu na 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya ba soja damar kwashe mutane masu asalin Japan daga gaɓar yamma. Kimanin mutum 120,000 aka tsare, kuma wajen kashi biyu bisa uku 'yan ƙasa ne haifaffu. Kamfanin Webb ne ya gina sansanin Poston, a kan ƙasar da aka keɓe wa 'yan asalin Amurka a bakin kogin Colorado. Ya zuba ma'aikata 5,000, cikin 'yan makonni dogayen ɗakunan katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta suka tsaya jere-jere cikin ƙura da zafi. Sama da mutum 17,000 aka cusa a ciki. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi afuwa, ta amince za ta biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000.

Ba za a haɗa Poston da Sun City a ma'auni ɗaya ba. Can an kai mutane ne da bakin bindiga, nan kuwa da ƙafarsu suka zo da kuɗinsu a hannu. Amma a ganina a ayyukan yaƙin ne kamfanin ya ƙware a abin da ya zama sana'arsa: a zo fili fetal a hamada, a shata tituna, a jawo ruwa da wuta, a maimaita fasalin gini ɗaya sau ɗaruruwa, gari ya tashi kafin a ankara. Ya sake yin haka a 1953, da ya gina garin San Manuel sukutum don ma'aikatan haƙar tagulla.

Da kuɗin yaƙi ya koma wa tsohuwar soyayyarsa. A watan Janairu na 1945, shi da Dan Topping da Larry MacPhail suka sayi New York Yankees daga magadan Jacob Ruppert a kan dala miliyan 2.8. Bayan gasar 1947 MacPhail ya tayar da rigima a wajen bikin nasara, sauran biyun suka biya shi suka sallame shi. A cikin shekara 20 da Webb ya yi da ƙungiyar, ta je wasan ƙarshe na World Series sau 15, ta ɗauki kofin sau 10, biyar daga ciki a jere daga 1949 zuwa 1953 ƙarƙashin koci Casey Stengel. Har yau babu ƙungiyar da ta sake jera biyar. Zamanin Joe DiMaggio da Yogi Berra da Mickey Mantle ke nan. Duk da wannan ɗaukaka, Yankees ta yi nawa wajen ɗaukar baƙar fata. Jackie Robinson ya karya shingen a Brooklyn tun 1947, ita kuwa sai a 1955 ta sa Elston Howard a wasa.

Webb bai cika tsoma baki a kan wa zai buga wa zai zauna a benci ba. Amfanin ƙungiyar a wajensa shi ne ƙofofin da take buɗewa. Tikitin kallon World Series a hannun janar ko sanata ya fi doguwar wasiƙar neman kwangila aiki. Wani lokacin ma ginin da wasan sukan cakuɗe har a kasa rabewa. A 1953 shi da Topping suka sayar wa wani attajiri, Arnold Johnson, filin wasan Yankees a kan dala miliyan 6.5, suka ci gaba da zama a ciki a matsayin 'yan haya. Shekara ta kewayo, Johnson ya sayi ƙungiyar Athletics ta Philadelphia, ya mayar da ita Kansas City. Wa aka ba aikin sake gina filin wasan Kansas City? Kamfanin Webb. Daga nan sai 'yan wasa masu kyau suka riƙa kwarara daga Kansas City zuwa New York, har da Roger Maris, wanda ya kafa sabon tarihi a 1961. Masu kallo suka riƙa yi wa Athletics ba'a cewa gonar renon Yankees ce.

Akwai kuma Las Vegas. A 1946 kamfaninsa ne ya yi aikin otal da gidan caca na Flamingo, wanda ya faɗa hannun ɗan daba Bugsy Siegel. Webb ya sha ba da labarin yadda Siegel ya ga hankalinsa ya tashi, ya ce masa ya kwantar da hankali, su junansu kawai suke kashewa. Haka kuwa aka yi: a watan Yuni na 1947 aka harbe Siegel a Beverly Hills. Webb bai gudu daga garin ba, a 1961 ma ya mallaki otal ɗin Sahara.

Maganar garin tsofaffi ba a kansa aka fara ba. Tun 1954 wani dillalin gidaje, Ben Schleifer, ya kafa ɗan ƙaramin gari mai suna Youngtown a wannan yanki don masu ritaya. Manyan ma'aikatan Webb ne suka leƙa suka ga abin da ya rasa. Lissafinsu shi ne, tun da aka kafa tsarin fanshon gwamnati a 1935, ga kuma fanshon kamfanoni, an samu wani sabon rukuni na Amurkawa: sun bar aiki, da sauran ƙarfinsu, suna da gidan da za su iya sayarwa, kuma sun gaji da dusar ƙanƙara. Na'urar sanyaya ɗaki ta riga ta sa hamada ta zaunu. Sai suka haɗa kai da kamfanin auduga na J.G. Boswell mai gonakin, suka yi dabarar da ta bambanta su: suka gama filin golf da wuraren shaƙatawa kafin su sayar da gida ko ɗaya. Mai saye ba alkawari aka nuna masa a takarda ba, da idonsa ya gani. Mujallar Time ta sa hoton Webb a bangonta a watan Agusta na 1962. A 1964 shi da Topping suka sayar wa kamfanin rediyo da talabijin na CBS kashi 80 cikin ɗari na Yankees a kan dala miliyan 11.2, kuma da ma taurarin sun tsufa, ƙungiyar ba ta sake zuwa wasan ƙarshe ba sai 1976.

Ga wanda ya tashi a gidan da kaka ke tsokanar jika tana ce masa mijinta, garin da aka haramta wa yara zama abin al'ajabi ne. A Amurka ma bai wuce ba tare da gardama ba, sai dai gardamar ta kuɗi ce. Mazauna Sun City sun yi ta kayar da ƙuri'ar ƙarin harajin gina makarantu a gundumar Peoria da suke ciki, suna cewa sun riga sun biya wa nasu 'ya'yan a can inda suka fito. Iyayen yaran maƙwabta kuwa suna ganin ajujuwa sun cika sun batse. A ƙarshe, cikin shekarun 1970, aka cire garin daga gundumar makarantun baki ɗaya. Da majalisar dokokin ƙasar ta hana masu gidaje nuna wa iyalai masu yara wariya a 1988, sai ta bar wa garuruwan tsofaffi kafa, dokar 1995 kuma ta fayyace ta: muddin kashi 80 cikin ɗari na gidajen akwai mai shekara 55 ko fiye a ciki, garin na da ikon rufe wa yara ƙofa.

Shi Webb, da ya sayar wa dubban mutane hutu, bai yi ritaya ba. Yana kan aiki ciwon dajin huhu ya kama shi, ya mutu a Rochester ta jihar Minnesota ranar 4 ga Yuli, 1974, yana da shekara 75. A 2001 kamfanin Pulte Homes ya saye nasa a kan kimanin dala biliyan 1.8, kuma har gobe da sunan Del Webb yake tallata unguwannin tsofaffi. Sun City ta farko tana da mazauna kusan 40,000 yanzu. Jika na iya zuwa ya gaida kakanninsa, ya kwana, ya yi hutun makaranta, amma in bai kai shekara 19 ba, kada zaman ya haura kwana 90 a shekara.