Shirun Aji Ba Shi Ne Shaidar Ƙwarewar Malami Ba

A unguwannin Hausawa na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, an daɗe ana cewa gwanin malami shi ne wanda ajinsa yake tsit, idan ya ce "Kun gane?" yara su amsa baki ɗaya. Iyaye suna da hujjarsu, domin ba a karatu cikin hayaniya. Sai dai amsar taro ba ta nuna wanda ya fahimta, musamman inda ake koyarwa da Turanci alhali yaro Hausa yake yi a gida. Sai ya bi bakin 'yan ajinsu, rashin ganewarsa ya ɓuya.

Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa malamai da yawa ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku, amsoshi sukan yi tsawo, ɗaliban da ba sa magana su ma su sa baki. Ƙwararren malami yakan kira yaro da sunansa, ya nemi dalilin amsarsa, ya zagaya yana duba littattafai, kuma yakan waiwayi darasin makon jiya ba tare da an buɗe littafi ba, domin tuno abu da ka ya fi maimaita karanta shi zaunar da ilimi.

Gwada wannan a gida ba wuya. Ku ce wa yaro ya rufe littafinsa ya bayyana darasin yau da Hausa, sannan ku duba ko jan biron malam ya nuna masa inda ya kuskure, ko maki kawai aka rubuta.

Don Allah a tura wannan bayani ga iyaye da malamai.