Me ake nufi da tsaurin tsirkiya a jita?

Makon jiya wani yaro mai kaɗa jita a wata majami'a a Tudun Wada, nan Jos, ya kawo mini jitarsa idonsa cike da hawaye. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya ɗago daga jikin katako, har yatsa na shiga ƙarƙashinsa. Jitar mai tsirkiyar nailan ce, shi kuma ya ɗaura mata wayoyin ƙarfe don ƙara ta fito. Abin ya sosa mini rai, domin da guminsa ya saye ta.

Tsaurin tsirkiya shi ne ƙarfin jan da waya ke yi tsakanin kan jita da jakinta bayan an gama saiti. Mutane da yawa na zaton hannun mai murɗawa ne ke yanke shi. A'a. Muddin sauti ya zauna daidai, tsawon waya da kaurinta da kuma muryar da kake nema ne ke da ta cewa. Wani malami ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta wannan ƙa'ida tun ƙarni na 17.

Duba tsawo. Wayar jitar lantarki samfurin Fender Stratocaster inci 25.5 ce, ta samfurin Gibson Les Paul kuma 24.75. Ɗaura musu waya iri ɗaya, ka yi saiti ɗaya, ta Fender za ta fi tsauri da kusan kashi 6 cikin ɗari, yatsunka ma za su gaya maka in ka zo lanƙwasa waya. Bes kuwa, wato jita mai kaurin murya, yawanci inci 34 ne, ga wayoyi masu kauri, shi ya sa sabon shiga ke yin kanta a yatsu.

Jita mai wayar ƙarfe lamba 12 (lambar kaurin waya ke nan) tana ɗauke da jan da ya kai kilo 70, dare da rana. Ta nailan kusan rabin haka take ɗauka, kuma galibi ba ta da sandar ƙarfen nan da ke cikin wuya tana hana shi karkacewa. To ina yaron nan zai kai da ita?

Ga kuma hunturun Jos, mai busar da katako har wuya ya motsa. In yatsunka na ciwo, ka sayi waya siririya, ko ka sassauta saitin, muryar ta sauka da rabin mataki, tsaurin zai ragu da kusan kashi 11. Jitar yaron dai mun manne jakin da gam, mun mayar mata da nailan.