Kariyar Doka Daga Korar Mazauna Gidajen Kula da Tsofaffi

Kariyar doka daga kora tana nufin ƙa'idojin da ke iyakance ikon masu gidajen kula da tsofaffi na tayar da mazaunin gidan ba da son ransa ba. Tushen matsalar shi ne matsayin mazaunin kansa. Shi ba cikakken ɗan haya ba ne, domin kuɗin da yake biya ya haɗa da ɗaki da abinci da jinya, kuma ba majinyacin asibiti ba ne da ake jiran ya warke a sallame shi. Da yawa daga cikinsu sun sayar da gidajensu kafin su shigo, don haka ɗakin nan shi ne kaɗai muhallin da ya rage musu.

Tarihi

A Amurka, tun farkon shekarun 1970 aka fara gwajin naɗa jami'an sauraron koken mazauna waɗannan gidaje, kuma a 1978 aka wajabta wa kowace jiha ta kafa irin wannan ofishi. Babban sauyi ya zo ne bayan rahoton da Cibiyar Nazarin Lafiya ta ƙasar ta fitar a 1986, wanda ya bayyana irin sakacin da ake yi da tsofaffi. A 1987 majalisa ta zartar da dokar gyaran gidajen jinya, wadda ta shafi duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin kula da lafiya. An sabunta ƙa'idojinta a 2016.

A Ingila wata shari'ar kotu ce ta tilasta gyaran. A 2007 Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords), wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta saurari ƙarar wata tsohuwa mai shekara 84 da ke fama da cutar mantuwa, wadda aka sakaya sunanta da haruffan YL. Ƙaramar hukumar Birmingham ce ta sama mata wuri a gidan wani kamfani, sai kamfanin ya nemi tayar da ita saboda saɓani da danginta. Alƙalai uku cikin biyar suka yanke cewa Dokar 'Yancin Ɗan'adam ta 1998 ba ta hau kan kamfanin ba, tun da ba hukuma ba ne. Hukuncin ya bar masu rauni ba mafaka, kuma majalisa ta toshe wannan giɓi a 2008, sannan ta ƙara faɗaɗa kariyar a Dokar Kulawa ta 2014. Wannan doka ta kuma ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ci gaba da kula da mazauna idan kamfani ya durƙushe, darasin da aka koya daga rushewar kamfanin Southern Cross, mai gidajen kula da tsofaffi kusan 750, a 2011.

Sharuɗɗan kora

Dokar tarayyar Amurka ta yarda da dalilai shida kacal: idan gidan ba zai iya biyan buƙatun mazaunin ba, ko ya samu sauƙin da ba ya buƙatar jinya, ko zamansa na barazana ga tsaron wasu, ko ga lafiyarsu, ko ya ƙi biyan kuɗi bayan an tunatar da shi, ko kuma an rufe gidan baki ɗaya. Dole a ba shi rubutaccen notis, galibi na kwana 30, mai ɗauke da dalili da wurin da za a kai shi da yadda zai ƙalubalanci matakin, kuma idan ya ƙalubalanta ba a fitar da shi kafin a yanke hukunci sai idan akwai haɗari.

A Jamus dokar 2009 ta hana mai gida soke yarjejeniya sai da ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce, ta kuma haramta sokewa don a samu damar ƙara kuɗi. A Ingila yarjejeniyar da aka sa wa hannu ce ke da rinjaye, ko da yake hukumar kare masu saye ta ba da jagora a 2018 cewa notis kada ya gaza kwana 28. Jihar Ontario ta Kanada tana ɗaukar mazauna wasu gidajen kulawa a matsayin 'yan haya.

Giɓin da ya rage

Hanyar kauce wa doka da aka fi kokawa a kanta ita ce a kai tsoho asibiti sannan a ƙi karɓarsa idan an sallame shi, abin da ya fi faɗawa kan masu cutar mantuwa da waɗanda kuɗinsu ya ƙare suka koma kan tallafin gwamnati. Iyalai na kuma ƙorafin cewa ana tayar da mutum don ramuwa idan danginsa sun kai koke. Masu gidajen suna cewa tilas ne su kare ma'aikata da sauran mazauna. Gidajen da ke ba da taimakon yau da kullum ba tare da jinya ba suna ƙarƙashin dokokin jihohi ne a Amurka, kuma kariyarsu ta bambanta daga jiha zuwa jiha.